Makirufon Totuwa Da Bakin 'Ya'yanmu

Masu jiran ci gaban labari su yi mini afuwa, in Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya. Yau wata 'yar magana ce na zo da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, a kan wani abu da na san wasunku za su yi dariya in na ambace shi, wato makirufon wasan yara, irin wanda ake haɗawa a gida da totuwar masara da tsohuwar safa.

Ra'ayina dai shi ne, ya kamata kowace uwa ta sami lokaci ta zauna da 'ya'yanta, maza da mata, su haɗa wannan abin wasa da hannunsu, sannan ta ƙyale su su yi ta surutunsu a cikinsa. Dalilina kuwa, muna tarbiyyar yara da yawa waɗanda ba su iya buɗe baki su faɗi abin da ke ransu ba, muna kiran abin da sunan kunya da ladabi, sai sun girma abin ya zame musu ciwo mu dawo muna salati. Zan yi bayani dalla-dalla, wanda ya ga na kauce hanya ƙofa a buɗe take ya gyara mini.

Da farko mu tuna cewa mu Hausawa mutanen rediyo ne. Tun a shekarar 1957 BBC ta buɗe sashenta na Hausa, Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, na Jamus ya biyo baya da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa kuwa sai a 2007. A Kano, zuwan Freedom Radio a 2003 ya buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu, har ta kai talaka yana buga waya a ji muryarsa a gari. Duk wanda ya tashi a shekarun 1980 da 1990 kamar ni ya san akwatin rediyo a zauren maigida, da teburin mai shayi, da kan keken mai facin taya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka tashi muna kwaikwayon mutanen cikin akwatin. Ludayi muke ɗauka, ko muciya in Inna ba ta gani ba, ko buroshin taje gashi, mu kanga a baki muna shirin zaɓi sonka, muna gaida Goggo a Fagge da Yaya a Tudun Wada da ɗaukacin 'yan ajinmu. Maza kuma su kwaikwayi ladan, ko mai sharhin ƙwallo, ko mai tallan maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kan mota. Ba wanda ya saya mana komai, ba kuma wanda ya koya mana. A nan ne wasunmu suka fara jera magana, kuma ni ban raba ɗaya biyu ba a can na fara ƙirƙirar labari tun kafin in iya riƙe biro.

To bari in faɗi yadda ake haɗa shi, don kada wata ta ce ba ta iya ba ko ba ta da kuɗi. Abu biyu ne jigo, mariƙi da kai. Mariƙin za ki iya yin sa da busasshiyar totuwar masara, ko guntun karan dawa mai kauri kamar tsawon taƙi guda, ko kwarkwaron zaren da tela ya gama da shi, ko kwalin nan da ke saura in takardar goge hannu ta ƙare. Kan kuma, ki dunƙule tsumma ko tsohuwar takarda kamar girman lemon zaƙi ƙarami, ko ki sami ƙodagon goruba da yara suka gama gwaigwaya ki wanke ki shanya. Sai ki ɗora shi a bakin mariƙin, ki zura musu tsohuwar safa baƙa wadda 'yar'uwarta ta ɓace (kowane gida akwai irinta), ki ja ta sauko har ta rufe mariƙin, ki ɗaure wuyan da robar ɗaure kuɗi ko zare. In kina son ya ƙara kama da na gaske, ki yanko ɗan ƙyallen ragar soson wanka ki lulluɓe kan da shi kafin ki ɗaure, sannan ki naɗe mariƙin da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ko da siririn yankin tsohon tif ɗin keke. Maɓallin tsohuwar riga in aka manna shi a gefe ya zama makunni.

Abin da yara suka fi so shi ne ɗan akwatin nan mai kusurwa huɗu da 'yan jarida suke saƙala wa makirufonsu mai ɗauke da sunan tasha. Kwalin sabulu ko na shayi ya isa. A huda shi sama da ƙasa, a zura mariƙin ta ciki, a liƙa masa farar takarda, sannan a bar yaron da kansa ya raɗa wa tasharsa suna ya kuma rubuta da hannunsa, ko da rubutun ya karkace. A gidana Rediyon Tsakar Gida suka sa wa tasu, bayan an sha gardama har da kuka. Wayar kuwa igiyar buhu ce ko zaren saƙa, a ɗaura a gindin mariƙin a kai ƙarshenta cikin wani babban kwali, shi ke nan an sami lasifika. Duk aikin tsakanin la'asar da magariba an gama har an fara watsa shirye-shirye. Shawarata ita ce ki riƙe almakashi da reza a hannunki, amma naɗi da ɗauri da zane ki bar musu, domin abin da yaro ya sha wahalar haɗawa ba ya saurin jefar da shi.

Akwai abubuwan da nake roƙon iyaye don girman Allah su kiyaye. Kada a ba yaro wayar lantarki ta gaske, musamman mai kan da ake soka wa a bango, domin ranar da ba kya kusa zai je ya soka ta ya ga ko makirufonsa zai yi ƙara. Kada a yi kan da mataccen ƙwan lantarki don an ga yana da siffar, gilashi ne, kuma farin nan mai lanƙwasa akwai sinadari mai guba a cikinsa in ya fashe. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana kama da ragar makirufo sosai, amma yana yanka leɓe. Sannan a nisanta yara da batir, musamman ƙananan nan masu kama da maɓalli da ake sa wa agogo da kayan wasan kanti. Likitoci sun yi gargaɗi cewa in yaro ya haɗiye irinsa ya maƙale masa, cikin awa biyu kacal zai iya ƙona masa maƙogwaro, don haka in hakan ta faru asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye. In kuma akwai mai rarrafe a gidan, a bar maɓallin da duk wani ƙaramin abu da zai iya cirewa ya kai baki.

Na san tambayar da za ta biyo baya, domin yaran ma ita suke fara yi: "Umma, to ai ba ya ƙara." Nan ne ma amfaninsa yake. Makirufon gaske yana da wata 'yar fata siririya a cikin kansa, kamar fatar kalangu, wadda in iskar muryarka ta doke ta sai ta yi rawa, na'ura ta mayar da rawar ta zama lantarki, lasifika kuma ta sake mayar da ita murya mai ƙarfi. In kina son yara su gane wannan, ki sami gwangwanin madara biyu, ki daddaƙe bakinsu don kada su yi yanka, ki huda gindinsu, ki haɗa su da dogon zare, yaro ɗaya ya yi magana a ɗaya, ɗayan ya kara nasa a kunne, a ja zaren ya miƙe sosai. Za su ji murya tana bin zare, in aka sassauta kuma ta ɗauke. Shi na totuwa ba shi da fata ba shi da lantarki, don haka duk ƙarar da za a ji daga ƙirjin yaron za ta fito. Dole ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya fitar da harafi yadda na bakin ƙofa zai ji shi. Wannan kuwa shi ne abin da ake kashe kuɗi a koya wa manya a yau.

Wani zai ce, ga na kanti nan cike da kasuwa, mai fitila ja da kore, mai amsa-kuwwa, wani ma har da waya ake haɗa shi, me zai sa a koma zamanin totuwa? Ni ma na gan su, lokacin Sallah ma har kan titi ake yawo da su. Abin da na lura shi ne, na kantin shi yake yin wasan, yaron ya koma ɗan kallo. Ka danna nan ya saki kiɗa, ka danna can ya saki waƙa da yaren da ba mai ji a gidan, yaron ya yi ta danne-danne yana ihu don ya ji ihunsa ya dawo masa. Bayan kwana uku batir ya mutu ko an taka shi, a koma kuka da rigimar a sayo wani. Mafi muni kuma shi ne uwar da ta gaji ta miƙa wa yaro wayarta don ta sami sararin girki. Ban zarge ta ba, na san gajiyar aikin gida, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaro da bakin mutane yake koyon magana, a yi masa ya mayar. Waya kuwa ita kaɗai take zuba, ba ta jiran amsarsa.

Yanzu bari in zo kan masu adawa, domin na yi wannan magana a gidan suna na sha martani. Wata baiwar Allah da nake girmamawa ta ce da ni, "Ke dai Anti da neman magana kike, ki koya wa yara riƙe makirufo, gobe su tashi su ce waƙa za su yi ko fim." Na fahimci tsoronta, kuma ba zan ce babu abin tsoro ba. Sai dai ina so mu ƙirga masu riƙe makirufo a garinmu daga asuba zuwa dare. Ladan ne yake fara ɗauka, sai liman. Sai shugaban makaranta a wajen taron safe. Sai likitan da aka gayyata gidan rediyo ya yi bayanin zazzaɓin cizon sauro. Da azumi ga malamin tafsiri ga mai jan baƙi a gefensa. Ga 'yan musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986, maza da mata, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗansa musabaƙa ko ta unguwa ce ya san akwai yaran da haddarsu ba ta da makusa a gida, amma da an ajiye musu makirufo a gaba sai jiki ya ɗauki rawa, aya ta gudu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya saba tsayawa gaban ƙannensa da kakarsa yana karanto hadda a totuwa, ranar da aka miƙa masa na gaske ba baƙonsa ba ne.

Sannan in yaro ya ɗauki makirufon wasa ya rera waƙar banza, ai ba totuwar ce ta koya masa ba. A wayarki ya ji, ko a talabijin ɗin falo, ko a bakin 'yan unguwa. Da ma yana da ita a ciki, yau ne dai kika ji. Ni a wurina wannan ma riba ce, domin yaro in ya shiga wasa yana mantawa da cewa ana jin sa, sai ya juye duk abin da ya kwasa. Wata maƙwabciyata ta ba ni labari tana dariya tana kuma jin kunya, wai 'yarta mai shekara shida ta zaunar da ƙaninta tana yi masa tambayoyi a matsayin 'yar jarida, shi kuma aka ce shi ne Baba, sai ga yaran nan sun maimaita cacar bakin da ta yi da maigidanta a kan kuɗin cefane, kalma bayan kalma, har da tsakin. Ta ce tun daga ranar suka daina faɗa a gaban yara. Akwai kuma wadda ba ta dariya ba ce. Wata mai karanta littattafaina ta taɓa gaya mini cewa a cikin irin wannan wasan labarai ne ta ji 'yarta tana ba da rahoton wani babba a layinsu da yake ba ta alewa yana cewa ta shigo ciki kada ta gaya wa kowa. Allah Ya taƙaita, uwar ta yi wa tufkar hanci tun abin bai yi nisa ba. Da an tsare yarinyar nan an ce ta faɗi, wataƙila ba za ta faɗa ba. Don haka in suna wasan, ki yi kamar hankalinki yana kan tsintar shinkafa, amma kunnenki yana wurinsu.

Adawa ta biyu ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ana cewa 'ya mace da kunya aka san ta, bai kamata a saba mata da ɗaga murya ba. Wallahi ni ma ina son kunya, ado ce ga mace da namiji baki ɗaya, kuma addininmu ya yabe ta. Amma akwai bambanci tsakanin kunya da tsoro, mu kuma mun cakuɗa su. Mai kunya ta san abin da za ta faɗa, ta san lokacin faɗarsa da irin kalmar da ta dace. Wadda aka tsorata kuwa, ko an ba ta dama ba ta iyawa, domin tun tana ƙarama duk sanda ta buɗe baki sai a ce, "Rufe mana baki, uwar surutu." Ku je asibiti ku gani. Likita yana tambayar matar aure mai 'ya'ya uku ina ke yi mata ciwo, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, sai wadda ta rako ta ce take amsawa, ita ma da ka. Ku je kotu ku ga wadda aka zalunta, gaskiya tana hannunta, alƙali ya ce ta yi bayani, kuka ya ci ƙarfinta, wanda ya cuce ta kuwa ya miƙe ya tsara magana tiryan-tiryan. Ku duba yarinyar da aka tara mata iyaye aka ce, "Kina son sa?" ta yi shiru aka ce ta yarda. Gaskiya ne ana ɗaukar shirun budurwa a matsayin amincewa, amma ai wannan shirun na wadda ta san in ba ta so za ta iya cewa a'a ne a kuma saurare ta.

Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan ciwo, domin da shi muke cin abinci. Ku tuna littattafan da kuka karanta, nawa da na sauran 'yan'uwana. Sau nawa labari yake kaiwa littafi na uku saboda kawai jarumar ta kasa cewa mahaifinta, "Baba, ba na son sa," ko ta kasa cewa mijinta, "Ƙarya aka yi mini, ga yadda aka yi"? Da za ta iya furta jimla ɗaya, da labarin ya ƙare a shafi na goma. Masu karatu suna turo mini saƙo suna cewa na cika wahalar da jarumaina, su ba su san cewa daga bakin mata irinsu nake samo labaran ba, kuma na gaskiyar sun fi na littafin ɗaci. A takarda ina da ikon in kawo wani ya cece ta a babin ƙarshe. A gidan aure kuwa sau da yawa ba mai zuwa.

Kuma tarihinmu bai ce mace ta zama kurma ba. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, manyan sahabbai suna zuwa neman ilimi a wurinta, kuma ya tabbata cewa tana da 'yan tsana da take wasa da su da ƙawayenta, wanda ya nuna wasan kwaikwayon rayuwa ba baƙon abu ba ne ga yara. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai ƙarar abin da mijinta ya yi mata gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta maimaita kokenta, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. A nan ƙasarmu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da jajis da suke bin ƙauyuka suna karantar da mata da baki, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, da bakinta ta yi gwagwarmayar 'yancin matan Arewa har aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba. Mu da muka tashi muna jin muryoyin irin su Jamila Tangaza a BBC, wadda har ta shugabanci sashen Hausa, ba mu taɓa jin cewa karanta labarai ya rage musu mutunci ba. Duk waɗannan ba su rasa kunya ba, magana ce suka iya.

Adawa ta uku ita ce hayaniya, kuma wannan gaskiya ce tsagwaronta, za a yi hayaniya. Maganinta doka. A gidana dokokin tashar ba su da yawa. Ba a buɗe ta lokacin salla ko in Babansu yana barci. Kowane shiri da sallama ake fara shi. Ba zagi, ba kwaikwayon gurgu ko makaho ko wani malami don a yi dariya. Babbar dokar kuma, wanda makirufo yake hannunsa shi kaɗai ne mai magana, saura su saurara har ya miƙa. Ku duba ku gani, wannan doka ta ƙarshe ai ita ce ladabin da muke nema. Yaron da ya koyi jiran layinsa kafin ya yi magana ba zai katse babba ba. Ga kuma amfaninta ga ƙaramin cikinsu, ko mai sanyin cikinsu wanda kullum yayye suke danne shi, domin in abin ya zo hannunsa dole a yi masa shiru. In akwai mai in'ina, kada a tilasta shi, kada kuma a riƙa ƙarasa masa kalma, a ba shi lokaci ya kai ƙarshe da kansa, a kuma hana dariya. A tuna masa cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangiji Ya warware masa ƙullin harshensa, kuma shi aka aika gaban Fir'auna.

Shirye-shiryen da za a yi kuwa ba sa ƙarewa. Akwai labaran gida, inda yaro zai kawo rahoton abin da ya faru yau tun daga safe, wanda yake koya masa jera abu daki-daki. Akwai tilawar hadda, da kacici-kacici, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da gasar karin magana. Wanda na fi so shi ne hira da baƙo, a je a zauna gaban Kaka a ce, "Hajiya, masu sauraro suna so su ji yadda aka yi bikinki." Sai ka ga tsohuwa ta gyara zama. A tambaye ta canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ko shekarar 1972 da motoci suka koma bin hannun dama, ko yadda ake zuwa Makka a da. Abin da ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta ba sai ta gaya wa jikokinta saboda totuwa da safa, kuma ranar da ba ta, wannan hirar ce za ta rage musu. Sannan ina ba da shawarar a ce tashar da Hausa zalla take watsa shirinta. Yaranmu na birni da yawa in ka ce su faɗi tamanin da bakwai sai sun tsaya lissafi da Turanci, kwanakin mako ma sun gagare su. A sa musu shirin farashin kasuwa su faɗi kuɗin mudun gero da na wake da Hausa, ku sha dariya ku kuma gyara musu.

Gargaɗina na ƙarshe ga iyayen zamani ne. In yaro ya yi abin burgewa da makirufonsa, hannu yana ƙaiƙayin a ɗauke shi a waya a watsa a TikTok ko Facebook. Don Allah a yi haƙuri. Da zarar yaro ya gane ana ɗaukarsa, wasan ya tashi daga nasa ya koma na masu kallo, sai ya fara yin abin da zai jawo tafi, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Yarinyar da kika watsa tana shekara biyar tana kwaikwayon faɗan kishiyoyi, wata rana budurwa ce, kuma ba ta ba ki izini ba. Masu sauraron Rediyon Tsakar Gida su ne mutanen tsakar gida, sun kuwa isa.

Ban ce duk yaron da ya riƙe totuwa zai zama ɗan jarida ko malamin tafsiri ba, ba ma wannan nake nema ba. Abin da nake fata shi ne ɗana ya iya tsayawa gaban mutane ya faɗi gaskiyarsa cikin ladabi ba tare da gwiwarsa ta yi rawa ba, 'yata kuma ranar da wani abu ya dame ta, a makaranta ne ko a gidan miji, ta iya zuwa ta same ni ko mahaifinta ta faɗa da bakinta tun abin bai ɓaci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masara dai muna ci, safa kuma kullum ɓacewa take yi, saura ki ware musu yammaci guda.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su harshen faɗar gaskiya da kunnen sauraron ta, Ya kare mana su daga sharrin zamani. Wanda ya gwada a gidansa ina so in ji sunan da yaransa suka raɗa wa tasharsu. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum.